Takardun da Kiyashi Ya Bi

Kiyashi ne ya fara tona maganar, ba ni ba. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a ƙaramin ofishin kula da ingancin koyarwa na tsangayar aikin jinya, kuma aikina ɗaya ne. Ƙarshen kowane zangon karatu a kawo mini takardun da ɗalibai suka cike game da malamansu, in shigar da amsoshin cikin kwamfuta, ita kuma ta fitar da makin kowane malami. Tambaya ashirin da biyar, kowace da akwati biyar, daga "madalla" har zuwa "da rauni". Abin da aka zana shi nake shigarwa. Ban taɓa tambayar kowa komai ba.

Ran wata Lahadi, bayan jarrabawar zangon farko, na buɗe kabad na tarar da layin kiyashi ya taso daga ƙasa. Ya wuce ƙunshin takardu bakwai bai ko kalle su ba, ya shige cikin na takwas. Na Dakta Midhat Shauƙi ne, mai koyar da kula da waɗanda aka yi wa tiyata. Na ɗaga takarda ɗaya, shida suka biyo ta a manne. Kowace da shatin yatsu da tabon ruwan sukari, kuma kowace "madalla" daga sama har ƙasa.

Ba sai an gaya mini dalili ba. Duk tsangayar an san Dakta Midhat ba ya rufe laccarsa ta ƙarshe sai da manyan faranti biyu na basbusa, wani kek mai laushi da ake jiƙawa da ruwan sukari. Yara su ci, su lashe yatsu, a yi dariya, sannan a raba musu takardun. Makinsa kashi casa'in da takwas cikin ɗari.

Kusa da nasa ƙunshin Dakta Nagat Hawwari ne, mai koyar da lissafin awon magani. Nata a bushe yake ƙamas, ba tabo ko ɗaya. Makinta hamsin da huɗu. Karo na uku ke nan a jere da ta gaza kai sittin, kuma dokar tsangaya ta ce malamin da ya yi haka a karɓe darasin daga hannunsa. Ran Laraba za a kai maganar gaban shugaban tsangaya.

Ba zan ce ina son Dakta Nagat ba. In ka gaishe ta a matakala, kai kawai take gyaɗa maka, kamar gaisuwar ta zo mata a lokacin da bai dace ba. Amma shekara biyu kafin wannan, matata ta kwanta asibiti, wata yarinya ma'aikaciyar jinya ta dubi ruwan da aka rataya mata, ta ciro biro ta yi lissafi a bayan hannunta, ta rage gudun digon, ta je ta kira likita. Da na yi mata godiya sai ta ce, "Kawu, ka gode wa Dakta Nagat. Shekara guda na yi ina tsine mata a zuciyata." Wannan magana ta zauna mini. Duk da haka zango biyu na ƙara ina shigar da "da rauni" a gaban sunan matar. Na kan ce wa kaina ni magatakarda ne, ba alƙali ba. Amma wanda ya san mudu a lotse yake, ya ci gaba da awo da shi, me za a kira shi?

Na ɗauki ƙunshin biyu na shiga wurin shugabar ofishinmu, Dakta Irini Girgis.

Ta ja kujera baya. "Ustaz Zaglul, ƙwari ka kawo mini da sassafe? Me na yi maka?"

"Shaidu na kawo miki, Dakta. Su ba sa jin kunyar kowa."

Ta dubi takardun, ta taɓa ɗaya da ɗan yatsa, ta ji ya manne. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da wata 'yar takarda da ta fara canza launi. Sabon tsarin jin ra'ayin ɗalibai ne da ta rubuta tun shekara huɗu. Sau biyu tana kai shi, sau biyu ana ce mata wanda ake da shi yana aiki lafiya.

"Kada ka kakkaɓe su," in ji ta. "Sa su a leda yadda suke. Ran Laraba tare za mu."

Shugaban tsangaya, Dakta Rif'at, mutum ne da ba ya son hayaniya. Da aka buɗe ledar a kan teburinsa, kiyashi ya bazu ya nufi kofin shayinsa, sai ya ɗaga kofin sama ya sa aka kira Dakta Midhat. Ya shigo da fara'arsa, ya gaisa da kowa har ni. Da farko ya ɗauki abin wasa. Da ya gane inda aka dosa, fuskarsa ta canza.

"Wato ni na sayi yara da basbusa? Shekara ashirin da biyu ina yin wannan, Irini, tun ba a ƙirƙiro takardunku ba! Rabin yaran nan ba sa karyawa kafin su fito. In ba su abin zaƙi ranar rabuwa, shi ne ya zama laifi?"

Dakta Rif'at ya dube ni. "Kai ne ka tono wannan. Me ka ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce Dakta ya sayi kowa. Sai dai kai ma ka san mutanenmu. Ɗan yankinmu na Sa'id da ya ci gurasa da gishirinka ba zai ɗauki biro da hannun da ya ci ya rubuta maka 'da rauni' ba, ko da raunin yana nan. Uwarsa ba haka ta rene shi ba. Yaran ba ƙarya suka yi ba, halacci suka yi. Amma mu ba halacci muka ce za mu auna ba."

"To ita Nagat fa? Ta kawo tata basbusar mana, wa ya hana ta?" in ji Dakta Midhat.

"Nan ne matsalar," in ji Dakta Irini. "Yara ɗari biyu da talatin sun ce ba su ji daɗinta ba. Ko ɗaya bai gaya mana dalili ba, saboda ba mu tambaya ba. Kuma muna tambayarsu ne ranar da zango ya ƙare, lokacin da gyara ba zai amfane su da komai ba. Kamar a auna zazzaɓin mutum bayan an sallame shi."

An daɗe ana ja. A ƙarshe Dakta Rif'at ya yarda a ɗage hukunci zuwa ƙarshen zango na biyu, a gwada tsarin Dakta Irini a darasi biyu, na Nagat da na Midhat. Amma ya ɗaga yatsa. "A watan Yuni majalisar tsangaya za ta zauna. In ta karɓi sabon ma'auni, kuma Nagat ta haura sittin da shi, ta ci gaba. In ba ta karɓa ba, tsofaffin takardu ne doka, darasin ya bar hannunta. Yanzu ku kwashe mini waɗannan ƙwari."

Tsarin ba shi da wuya. A mako na shida, ba malami a ɗaki, ba abinci, a ba kowane ɗalibi farar takarda da tambaya uku. Me ke taimaka maka ka gane darasin nan? Me ke hana ka ganewa? Me kake so a canza kafin zangon ya ƙare? Ba a rubuta suna. Ni zan buga amsoshin a kwamfuta in miƙa wa malami, shi kuma cikin mako guda ya tsaya gaban ajin ya faɗi abin da zai canza, da abin da ba zai canza ba da dalilinsa.

Ranar da na shiga ajin Dakta Nagat na raba takardun, ba wanda ya taɓa biro. Can daga baya wata yarinya ta miƙe. Wala' sunanta, 'yar ƙauyen da ke tsallaken kogi, na san fuskarta a jirgin fito.

"Kawu Zaglul, kar ka jefa mu a rijiya ka janye igiya. Ita ke duba jarrabawarmu. Ta san rubutun kowa a nan, har wanda ke rubutu kamar kaza ta taka tawada."

"Da ni kike, ko?" in ji wani saurayi a gefe. Aka kwashe da dariya.

Na ce, "'Yata, wannan a wuyana yake. In na gama bugawa, ku zaɓi mutum biyu su zo bayan ofis, a gabansu zan ƙone takardun."

"Ka rantse?"

"Na rantse da gurasar da nake kai wa gidana."

Sai na ji ƙarar biro ta tashi a ɗakin kamar yayyafi a kan kwano.

Kwana uku na yi ina bugawa. Na zata zagi zan tarar, amma abu biyu ne suka yi ta maimaituwa. Da yawa sun ce tana warware lissafi a kan allo da sauri, ta goge, ba su taɓa gwadawa da hannunsu ba sai ranar jarrabawa. Mutum casa'in da ɗaya kuma sun yi maganar ƙofa. Laccarta ƙarfe takwas ce, kuma takwas daidai ake kulle ƙofar ɗakin. 'Yan tsallaken kogi ba sa isowa sai takwas ta gota. Wasu tun farkon shekara lacca biyar kawai suka samu.

Na ajiye hannu na daɗe ina kallon bango. Ni ma a tsallaken kogi nake. Kowace safiya a jirgin nan nake haye ruwa, kuma kowace safiya ina ganin 'yan matan nan suna tattare gefen riga suna gudu daga bakin fito. Na ɗauka ƙuruciya ce. Amsar tana gudu a gabana shekara da shekaru, ni kuma ina nemanta a cikin akwati biyar.

Na ƙone takardun a cikin tsohon bokiti, Wala' da saurayin nan mai rubutun kaza suna tsaye. Washegari Dakta Nagat ta shigo ofishina ba sallama, shafukan da na buga a hannunta. Ta ɗora yatsa a kan wani layi.

"Karanta."

Na karanta: "Dakta ta san digo nawa ruwa yake yi a minti, amma ba ta san ƙarfe nawa jirgin fito yake tashi ba."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ban sani ba, Dakta."

"Kawo takardar, ni zan sani."

"Ta zama toka."

Ta dube ni kamar ta ga allurar da aka yar a ƙasa. "Kai magatakarda ne, Ustaz Zaglul. Ka san abin da nake koyarwa? Maganin ƙarfe takwas na ƙarfe takwas ne. Mara lafiya ba ya jiran jirgin fito. Wadda ba ta iya isowa lacca kan lokaci, gobe jaririn wani za a ba ta. In don in buɗe ƙofa ne za a bar mini darasin, su karɓe abinsu."

Na ce, "Gaskiyarki, Dakta. Sai dai wadda ke bayan ƙofa ba ta koyi zuwa kan lokaci ba, ba ta kuma koyi lissafin ba. Kuma duk da haka gobe za a ba ta jaririn."

Ta tattara shafukanta ta fita.

Kwana biyar suka wuce ba ta ce wa ajin komai ba. Dakta Irini ta fara cizon biro. In mako ya cika ba amsa, gwajin ya rushe, kuma masu cewa ɗalibi ba shi da bakin magana a kan malaminsa sun samu abin da suke so.

Ran kwana na shida, ranar laccarta, na sauko bakin fito wajen bakwai saura. Mata masu kwandunan ganye suna nan, da masu garwar madara, da wani tsoho riƙe da agwagi biyu a hammata. A tsakiyarsu, tsaye ƙyam da baƙar jakarta, Dakta Nagat. Ta hayo ne da jirgin da ke zuwa fanko daga birni. Ta cire agogonta ta riƙe a tafin hannu. 'Yan matan ajinta sun taru can gefe guda kamar kajin da suka ga inuwar shaho.

Bakwai ta yi, jirgi bai motsa ba. Bakwai da kwata, bai motsa ba. Ta nufi mai jirgin, Rayyis Hamdun, wanda ke zaune a kan igiya yana kurɓar shayi.

"Ƙarfe nawa kake tashi?"

"In Allah ya yarda, Hajiya."

"Na ce ƙarfe nawa."

"In madarar gidan Abu Sitta ta iso. Jakinsu ya tsufa, sai a hankali."

"Akwai ɗalibai arba'in a nan masu lacca ƙarfe takwas!"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ai na sani. Wai wata malama gare su mai kulle ƙofa. Allah ya sassauta mata zuciya. Ke ma 'yarki na cikinsu?"

Wala' ta toshe baki da gyale. Ni kuwa na mai da ido kan agwagin tsohon nan.

Bakwai da rabi jakin ya iso. Takwas saura biyar muka taɓa ɗaya gaɓar. 'Yan matan suka dubi juna, ba su san ko su yi gudun da suka saba a gabanta ba. Ita ta fara ɗaga ƙafa. Mace mai shekara hamsin da biyar, jaka a hammata, tana ratsa masu sayar da wake da motocin haya, 'yan mata arba'in a bayanta, ni a ƙarshe ina haki. Takwas da minti goma sha bakwai muka tsaya gaban ɗakin lacca. Ƙofa a kulle.

Ta ƙwanƙwasa. Daga ciki muryar Kawu Sabir, tsohon mai kula da ɗakin, ta fito.

"An rufe! Sai wani mako."

"Buɗe, Sabir."

"Ko 'yar gwamna ce ba na buɗewa. Umarnin Dakta Nagat ne. Ku riƙa tashi da wuri!"

Na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka fushi ne. Ashe dariya take yi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Da 'yan matan suka tabbata dariya ce, barandar ta ɗauka gaba ɗaya, har Kawu Sabir ya leƙo ya ga wadda ya kora, ya dafe kai da hannu biyu.

Ta hau gaban allo tana share gumi, ba ta ɗauki alli ba.

"Na karanta abin da kuka rubuta," in ji ta. "Wadda ta ce ban san lokacin jirgin fito ba ta yi gaskiya. Yanzu na sani. Ba shi da lokaci, sai na jakin gidan Abu Sitta. Daga yau takwas da rabi za a kulle ƙofa, ba minti ɗaya a kai. Rabin awar farko ba zan yi magana ba. Zan ba ku takardar lissafi tun ana gobe, ku zauna biyu biyu ku warware, ni ina zagayawa. 'Yan tsallake ku yi naku a cikin jirgi, na ga kuna da lokaci har ya yi yawa. Wasu kuma sun ce in riƙa ba da rabin maki ga wanda ya kusa samun amsa. Wannan ba zan yi ba har in mutu. Wanda ya kusa samun awon magani, mara lafiyarsa ya kusa rayuwa ke nan. Ku buɗe shafi na arba'in."

Tun daga makon jirgin Rayyis Hamdun ya zama aji. 'Yan mata a kan garwar madara, takarda a gwiwa, ana musu a kan miligiram nawa za a ba yaro mai kilo goma sha biyu. Mata masu ganye suka fara sa baki. Rayyis da kansa ya kan ce, "Ku gama kafin mu kai tsakiya, in ba haka ba in gaya wa Hajiya mai agogo."

Dakta Midhat ma ya karɓi nasa shafukan. Yaran sun yi masa ladabi, kusan kowa ya fara da addu'a. Amma bayan addu'ar magana ɗaya ce: labaransa na ɗakin tiyata suna da daɗi, sai dai har yanzu ba su taɓa wanke ciwo ko canza bandeji da hannunsu ba. Mako biyu bai amsa gaisuwata ba. Na ji dai an ce ya nemi mabuɗin ɗakin gwaji, wanda ya daɗe a rufe.

Bayan jarrabawa, yara suka zo ɗakin karatu suka cike sabuwar takardar ƙarshe. Tambaya takwas ce kawai, kuma ba ta tambayi ko malami yana da kirki ba. Ta tambayi abin da ɗalibi ya iya yi yanzu wanda da bai iya ba. Dakta Irini kuma ta aike ni asibitocin da ɗalibanmu na bara suke shekarar horo, da tambaya ɗaya: wane darasi ne ya fi yi muku amfani a bakin gadon mara lafiya?

Majalisa ta zauna cikin zafin Yuni, fanka tana juya iska mai ɗumi. Mutum goma sha uku ke da ƙuri'a. Ni ina ƙarshen tebur ina rubuta abin da aka ce. Dakta Nagat ba ta cikin majalisa, tana zaune a kan benci a waje. Kujerar Dakta Midhat ba kowa.

Dakta Irini ta miƙe ta karanta. Bara mutum sittin da takwas suka faɗi lissafin awon magani, bana goma sha bakwai, kuma tambayoyin ba su yi sauƙi ba, wani malami daga waje ya duba. A sabuwar takarda Dakta Nagat ta samu tamanin da ɗaya. Cikin masu horo ɗari da arba'in da na tambaya, ɗari da uku sun ambaci darasinta. Dakta Midhat ya sauko daga casa'in da takwas zuwa saba'in da tara.

"Kun ji ko?" in ji wani dattijon farfesa. "An ɗaga wannan, an sauke wancan. Gobe kan wa za a zo? Mu da muka sumbaci hannun malamanmu, yau yaro zai ce mana ga yadda za mu koyar?"

Wasu suka gyaɗa kai. Na ƙirga fuskoki a zuciyata: shida nan, shida can. Kowa ya san Dakta Rif'at ba ya son ya zama shi ne mai raba gardama, kuma cikin shidan da nake sa rai har da shi.

Sai aka turo ƙofa da ƙafa. Dakta Midhat ya shigo ɗauke da babban faranti an rufe shi da farin ƙyalle. Ƙamshin man shanu da sukari ya cika ɗakin. Ya ajiye farantin a tsakiyar tebur, dattijon farfesan ya miƙa hannu zai ɗaga ƙyallen.

Dakta Midhat ya dafe ƙyallen. "A'a, ranka ya daɗe. Ba mai taɓawa sai an kaɗa ƙuri'a. Ustaz Zaglul yana nan, kuma ka san yana da 'yan leƙen asiri masu ƙafa shida."

Aka yi dariya, har dattijon. Dakta Midhat bai zauna ba.

"An sauke ni maki goma sha tara," ya ce. "Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Na gaya wa matata an ci amanata, ta ce in daina surutu in karanta takardar sau biyu. Shekara ashirin da biyu, tun da aka ƙirƙiro takardun, yaran nan suna ce mini madalla, ban ƙaru da komai ba. Sau ɗaya suka gaya mini gaskiya, na buɗe ɗakin gwaji. Makon jiya na tsaya ina kallon wata yarinya tana canza bandeji, hannunta ko rawa ba ya yi. Saba'in da taran nan nawa ne, da gumina na same shi. Casa'in da takwas ɗin na mai basbusa ne. Ina tare da Irini."

Ya ɗaga hannu. Hannaye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga sau biyu don kar in yi kuskure: tara. Dattijon farfesan bai ɗaga ba, amma ya ce a rubuta cewa zai gwada tambayoyin ukun a ajinsa, don ya ga ƙarshen rashin kunyar yaran zamani.

Dakta Rif'at ya buga tebur da tafin hannu. "An karɓi sabon ma'auni ga tsangaya duka. Darasin awon magani yana hannun mai shi. Zaglul, kira ta."

Na fita na same ta a kan benci, jaka a cinya, agogo a tafin hannu.

"Dakta, darasinki yana nan."

Ta dube ni. Sannan ta miƙe ta ce, "Na gode, Ustaz Zaglul. Yaya mai ɗakinka da jiki?" Ban san ma ta san matata ta taɓa kwanciya ba.

Muka shiga. Dakta Midhat ya yaye ƙyallen, ya yanko babban yanki daga tsakiya inda ruwan sukari ya fi taruwa, ya miƙa mata da hannunsa.

"Ci, Nagat. Yanzu kam ba abin da za ki cike mini."

Ta karɓa ta ci. Ni ma aka miƙo mini nawa. Na rufe littafin majalisa na ture shi can gefe tukuna, sannan na sa hannu.